Na Yi Alkawarin Gudun Kilomita Biyar Don Masu Sikila, Ga Shi Minti Biyu Na Gagarata

Tambaya:

Assalamu alaikum, Anti. Ni matar aure ce a Garwa, shekarata 37, ina da 'ya'ya huɗu, kuma ina koyarwa a makarantar firamare. Wata ƙungiyar matasa ta shirya gudun kilomita biyar a watan Janairu domin tara kuɗin taimaka wa yara masu ciwon sikila, ni kuwa ɗan yayata mai shekara goma yana fama da wannan ciwo, shi ya sa na ba da sunana ba tare da dogon tunani ba. Na sanar da dangi da abokan aiki, wasu sun ba ni gudummawa a hannu, wasu sun turo ta waya. Yanzu saura mako takwas, kuma da na gwada gudu ban kai minti biyu ba numfashina ya ɗauke, domin rabona da gudu tun ina ɗaliba. Ƙanena mai buga ƙwallo sai dariya yake yi mini, yana cewa a tanadar mini motar asibiti. Ƙawata da ta saba motsa jiki ta ce ƙafarta ƙafata ranar. 'Ya'yana biyu, mai shekara goma sha biyu da mai shida, sun nace sai sun bi ni. Mahaifiyata mai hawan jini ta ce ita ma za ta taka. Shi ma yaron mai sikila kuka yake yi sai an sa shi. Maigidana ya amince, amma surukata ta ce ita ba ta taɓa ganin matar aure tana tsere a titi ba. Ina azumin Litinin da Alhamis, ba na kuma son in bari. Ina tsoron jin kunya a gaban jama'a, ina kuma tsoron kada ya zama na karɓi kuɗin mutane da ƙarya idan na kasa. Shin in janye ne?

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanwata. Kada ki janye. Abin da za ki ajiye shi ne sharaɗin da kika ɗora wa kanki ba tare da kowa ya nema ba, wato cewa sai kin yi kilomita biyar ɗin nan da gudu tun daga farko har ƙarshe, in ba haka ba kin kasa. Gudun taimako ba tseren cin kofi ba ne. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi shahara a duniya shi ne wanda ake yi kowace shekara tun 1981 da sunan Terry Fox, matashin nan ɗan ƙasar Kanada da ciwon daji ya sa aka yanke masa ƙafa, wanda kuma ya yi kilomita 5,373 cikin kwana 143 a shekarar 1980 da ƙafar roba domin tara kuɗin binciken maganin cutar. A wannan taro ba a fitar da na ɗaya ko na biyu, kuma da masu gudu da masu tafiya duk hanya ɗaya suke bi. Mace mai lafiya idan ta ɗaga ƙafa da ɗan hanzari tana cinye kilomita biyar cikin minti hamsin zuwa awa ɗaya, saboda haka ko gobe ne taron kina iya kaiwa ƙarshe. Mako takwas ɗin da suka rage za ki yi amfani da su ne domin ki kai cikin sauƙi, ki kuma tsara mutanen da suka taru a kanki, waɗanda a ganina su ne babban aikin, ba nisan hanyar ba.

Zan fara da maganar kuɗi, domin a duk abin da kika lissafa ita kaɗai ce za ta iya jawo miki abin kunya na gaske. Waɗanda suka ba ki gudummawa saboda yaran suka bayar, amma tun da kin ce musu gudu za ki yi, kuma zuciyarki ta kasa kwanciya, ki aika musu da saƙo a wannan makon cewa za ki haɗa gudu da tafiya, kuma duk wanda ya ga abin ya saɓa wa abin da ya bayar dominsa ya faɗa ki mayar masa. Da wuya a sami wanda zai nemi ko dala, ke kuwa kin fita daga zargin kanki. Bayan haka ki buɗe littafi ki rubuta sunan kowa da abin da ya bayar da ranar da ya bayar, kuma kuɗin da aka turo ta Orange Money ko MTN kada ki bar shi ya cakuɗe da na cefane, domin ƙarshen wata ba ya sallama, kuma yawancin amanar da ta lalace da niyyar aro aka fara taɓa ta. Ki miƙa kuɗin ga masu shirya taron tun kafin ranar, ki karɓi rasit mai sa hannu da hatimi, ki tura hotonsa ga duk wanda ya ba ki. Kafin ki miƙa kuwa ki yi tambaya, domin kuɗin rajista a irin waɗannan taruka wani sashensa yakan tafi wajen riguna da ruwa da rumfa da lasifika, kuma wannan ba laifi ba ne muddin an faɗa. Ki tambayi nawa ne zai isa ga yaran, ta wane asibiti, kuma a matsayin me, magani ne ko gwaji ko kuɗin ƙarin jini. Ƙungiyar da ta san abin da take yi ba za ta ji haushin wannan tambaya ba. Idan kuma a cikin masu bayarwa akwai wanda ya ce zakkarsa ce ya ba ki, ki ware ta daban, domin zakka tana da waɗanda aka ƙayyade mata, ba a ɗinka rigunan taro da ita.

Numfashin da ya ɗauke miki a minti biyu yana nuna cewa kin fita da saurin da ya fi ƙarfinki ne. Gudun da yawancinmu muka sani shi ne na filin makaranta, inda ake busa usur kowa ya zuba da iya ƙarfinsa, ko kuma irin na mita 400 da 800 da marigayi Isa Hayatu, ɗan garinku, ya yi suna da shi a ƙuruciyarsa tun kafin ya shugabanci hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka. Wancan gudu ba a yi shi don ya daɗe ba, kuma su kansu gwanayensa ba sa wuce minti biyu a ciki sai ka gan su sun durƙusa suna haki. Abin da kike buƙata sassarfa ce, ma'auninta kuwa shi ne magana: idan kika gamu da maƙwabciya kina cikin yi, ya zama kina iya ce mata ina kwana, ina gajiya, yaya yara, ki kuma amsa nata, ba tare da maganar ta yanke ba. Idan ta yanke, ki rage sauri ko ki koma tafiya. Za ki ga kamar saurin ya yi kaɗan har ya ba ki kunya, wataƙila ma wani mai tafiya da sauri ya jera da ke, to wannan shi ne daidai ga mai farawa. Ki gajarta taku, ki bar kafaɗunki su saki, ki kuma shaƙi iska ta baki da hanci duka.

Duk da haka kada ki fara sai kin je cibiyar lafiya an auna ki. A duba hawan jini da suga da yawan jinin jikinki, domin ƙarancin jini ya yi yawa a tsakanin matan da suka haihu, kuma shi kaɗai yana iya sa mace haki ko da matakala ta hau. Idan awon hawan jinin ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, ki ji abin da likita zai ce kafin komai. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, saboda haka ki faɗi duk abin da kika taɓa ji, ko ciwon ƙirji ne, ko bugun zuciya mai ruɗewa, ko suma, ko asma, ko kuma kina zaton kina da ciki. Akwai gwaji ɗaya da nake so ki roƙa da bakinki, wato wanda ke nuna ko jininki AA ne, marar ƙwayar gadon sikila, ko AS, mai ɗauke da ita. Idan ɗan yayarki SS ne, to ita yayar taki tana ɗauke da ƙwayar gadon, wanda ke nufin ɗaya daga cikin iyayenku yana da ita, kuma idan uwa ɗaya uba ɗaya kuke, yiwuwar ke ma kina ɗauke da ita ta kai rabi. Mai AS ba mara lafiya ba ne, kuma yana motsa jiki kamar kowa, sai dai an san cewa ƙure ƙarfi a cikin zafi tare da ƙishirwa yana iya zame masa haɗari, don haka sanin ya fi rashinsa, gare ki da 'ya'yanki.

Shirin da hukumar lafiya ta Birtaniya ke yaɗawa ga masu farawa na mako tara ne, sau uku a mako, ana farawa da gudun minti ɗaya da tafiyar minti ɗaya da rabi, a ƙare da gudun minti talatin a jere. Ke mako takwas gare ki, kuma ba na so ki matse shirin don ki cim ma minti talatin ɗin, tun da ba shi aka nema daga gare ki ba. Kowace fita ki buɗe ta da tafiyar minti biyar ki kuma rufe da irinta. A mako biyun farko ki yi sassarfar minti ɗaya da tafiyar minti biyu, ki maimaita sau takwas. A na uku da na huɗu ki mai da su biyu da biyu. A na biyar da na shida ki gwada sassarfar minti uku da tafiyar minti ɗaya ko biyu, gwargwadon yadda jikin ya karɓa. A mako na bakwai ki yi cikakken kilomita biyar sau ɗaya da wannan tsari, domin ki san tsawonsa a ƙafarki tun kafin ranar, sannan a mako na ƙarshe ki rage aikin zuwa rabi ki huta kwana biyun da suka gabaci taron. Duk makon da ya yi miki nauyi ki maimaita shi. Ranakun hutu kuwa wajibi ne, saboda zuciya da huhu suna sabawa da sauri fiye da ƙashi da agara, kuma a daidai lokacin da numfashi ya fara daɗi, wajen mako na uku ko na huɗu, a nan ne masu farawa ke zaƙewa su samo ciwon ƙwauri ko na gwiwa. Tsamin jiki da ke zuwa kwana ɗaya ko biyu bayan fita ya bazu a cinya da sha-raɓa ba abin damuwa ba ne; ciwon da ya tsaya wuri ɗaya yana suka, ko wanda ya sa ki ɗingishi, shi ne ke cewa ki dakata.

Azuminki ba ya hana komai. Ki sa fitarki Lahadi da Laraba da Juma'a, sai ya zama ranakun azumin su ne na hutu. Lokaci kuwa babu kamar bayan sallar asuba da gari ya fara wayewa, domin Garwa ko a hunturu da rana ta ɗaga zafi yana wuce digiri 30, balle Maris da Afrilu da yake kaiwa 40. Ranar da hazo ya sauka sosai har kina jin ƙura a maƙogwaro, ki bar gudun ki yi tafiya a tsakar gida ko ki ɗage zuwa washegari. Kuma tun da malama ce ke, kina da abin da wasu ba su da shi, wato filin makaranta kafin yara su iso: ƙasa ce mai laushi da ta fi kwalta sauƙi ga gwiwa, babu babura, babu kuma 'yan kallo. Ki nemi izinin shugaban makarantar, ki auna kewayen filin da wayarki sau ɗaya, kin huta da lissafi.

Takalmi shi ne kaɗai abin da za ki kashe wa kuɗi, kuma na gwanjo mai kyau ya wadatar idan ƙasansa bai cinye ba. Ki saya da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan buɗe, ki gwada da safar da za ki sa, ya zama akwai faɗin babban yatsa tsakanin yatsunki da bakin takalmin. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka duk abin da za ki sa ranar taron, daga takalmi har mayafi, ya zama kin riga kin yi atisaye da shi. Wando mai faɗi da riga mara nauyi da ta sauko gwiwa da ƙaramin hijabi mai haske da ba zai harɗe ki ba sun isa sutura, tare da rigar mama mai kama jiki sosai, da ɗan man kaɗe a inda fata ke gogar juna. Akwai kuma wata magana da mata ba sa son faɗa: wadda ta haihu sau da yawa takan ga ɗigon fitsari idan ta yi gudu ko tsalle. Idan kin ga haka kada ki tsorata, kada kuma ki rage shan ruwa saboda shi. Ki zaga kafin ki fita, ki nemi ungozoma ta koya miki atisayen matse tsokar da ke riƙe fitsari, wanda yake taimakawa idan an dage da shi. Haihuwa ba ta rufe wa mace ƙofar gudu, ga Sarah Etonge nan, uwar 'ya'ya bakwai, wadda ta lashe tseren hawan Dutsen Kamaru a Buya har sau bakwai.

Wannan misali na ba ki ne don kanki, kada ki kai wa surukarki shi, domin ita ba ƙarfin jikinki take tantama ba, mutuncin gidan ɗanta take dubawa, kuma tana da hakkin a saurare ta. Kalmar da ta yi amfani da ita ma ta nuna hoton da ke ranta, wato mace ta tattare zane tana falfala gudu maza suna kallo. Ki je gidanta da kanki bayan maigidanki ya riga ya yi mata magana, ki durƙusa ki gaishe ta, ki fara da labarin yaron da irin daren da yayarki ke kwana a asibiti, sannan ki nuna mata kayan da za ki sa, ki faɗa mata cewa a cikin ayarin mata za ki kasance, da 'ya'yanki da ƙanenki a kusa, kuma wani ɓangaren hanyar tafiya ce. Ki ce mata, "Mama, addu'arki na zo nema," ki kuma gayyace ta ta zo ta zauna a rumfa tare da mahaifiyarki. Na san wasu za su ce ki kawo mata hadisin da Abu Dawud ya ruwaito, cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta yi tsere da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a wata tafiya ta wuce shi, daga baya da ta yi jiki suka sake ya wuce ta. Hadisin yana nuna cewa gudu a kansa ba aibi ba ne ga matar aure, amma a wata ruwayar an ambata cewa sai da ya umarci sahabbai su yi gaba kafin su yi tseren, saboda haka bai isa ya yanke hukuncin gudu a titi cikin jama'a ba, kuma bai dace a mai da shi makamin kayar da dattijuwa a gardama ba. Idan ke kanki kina da shakka ta fuskar addini, ki tambayi malamin da kika amince da shi, ki kwatanta masa yadda taron yake. Idan kuma bayan duk wannan ta tsaya a kan bakanta, shawarata ita ce ki ce mata za ki taka ne kawai a inda jama'a suka yi yawa, ki kuma cika abin da kika faɗa. Zama da suruka ya fi awa ɗaya tsawo.

Yaron mai sikila kuwa kada ya shiga kilomita biyar ɗin, ko da tafiya ce, sai idan likitan da ke duba shi ya amince da bakinsa. A wannan ciwo ƙwayoyin jini sukan lanƙwashe kamar lauje su toshe ƙananan hanyoyin jini, kuma abubuwan da aka sani suna tayar da shi sun haɗa da ƙishirwa da sanyi da gajiya mai tsanani, waɗanda safiyar hunturu da doguwar hanya suka tara duka. Amma kukansa yana da dalili, domin yaro ne da ya saba jin "kai zauna" duk lokacin da sa'o'insa suka tashi wasa, ga shi yau an shirya taro saboda irinsa ana kuma so a bar shi a gida. Ki roƙi masu shiryawa su ba shi lamba da riga kamar kowa, ya zo da rigar sanyi da gorar ruwansa, ya zauna kusa da wurin ƙarewa, idan kika iso ya riƙe hannunki ku taka mita ɗari na ƙarshe tare. Sai dai ki kula da abu ɗaya: kada a ɗaga shi a gaban lasifika ko a watsa hotonsa a Facebook da WhatsApp a matsayin abin tausayi ba tare da yardar mahaifiyarsa da tasa ba. Ya kai shekarun da zai ji ciwon hakan, kuma zai koma makaranta washegari.

Sauran mutanen gidan kowa a ba shi matsayinsa tun yanzu, kada a bari sai an jeru a bakin layi. Hajiya mahaifiyarki ta sha maganinta kamar kullum, ta tambayi likitanta, idan ya yarda ta taka kilomita ɗaya da wani a gefenta ta dawo rumfa. Ɗanki mai shekara goma sha biyu zai iya nisan idan ya riƙa bin ki atisayen Lahadi, sai dai ki sani yara da gudu suke fita su gaji a kilomita na farko. Mai shekara shida yana buƙatar babba guda da ba shi da wani aiki ranar sai shi, kuma wannan babban ba ke ba ce. A rubuta lambar wayar mahaifinsa a bayan lambar rigarsa, a kuma nuna wa kowa wurin haɗuwa idan an rabu. Wannan aikin ki ɗora wa ƙanenki, tun da yana da ƙarfin saɓa yaro a kafaɗa idan ya gaji, ya ga yadda kilomita biyar take da kaya. Dariyarsa kada ta dame ki, kada kuma ki yarda ya zama mai horar da ke, domin ɗan ƙwallo bai san saurin mai farawa ba. Ƙawarki ce ta fi buƙatar magana a fili. Niyyarta mai kyau ce, amma idan kuka fita ba ku yi yarjejeniya ba, ita za ta riƙa jan ki ba da saninta ba, ke kuma kunya za ta hana ki cewa ta rage, har ki ƙone kafin rabin hanya. Ki ce mata ta zaɓa, ko ta bi agogonki na minti uku da minti ɗaya tun daga farko har ƙarshe, ko ta yi nata gudun ta dawo ta tarye ki. Ku gwada fita tare sau biyu kafin ranar, za ku gane wanne ya fi muku.

Ki tambayi masu shiryawa ƙarfe nawa za a tashi, ina za a ajiye ruwa a hanya, ko za a tare motoci da babura, ko akwai 'yan agaji da motar asibiti, da kuma ko za su jira na ƙarshe kafin su buɗe titi. Ranar kuma ki karya da abu mara nauyi da kika saba da shi awa biyu kafin tashi, kamar kunu ko shayi da burodi ko ayaba da dabino, ki bar ƙosai da soye-soye sai an dawo. Ki tsaya a bayan taro, domin na gaba da ƙarfi suke fita, kuma kiɗa da ihun jama'a suna sa mutum ya manta da duk abin da ya koya. Ki fara tafiyarki ta farko bayan sassarfar minti uku kamar yadda kika saba, ko da kina jin ƙarfi, ki koma gefen hanya kafin ki rage sauri don kada na baya ya yi karo da ke. Mun san halin tarukanmu, a ce ƙarfe bakwai sai a zauna jiran babban baƙo har rana ta take. Idan haka ta faru aka kai tara ko goma ba a tashi ba, ki soke sassarfar ki yi tafiya, Hajiya da yaran kuma su zauna a inuwa.

Ruwa ki sha gwargwadon ƙishirwa, kurɓi kaɗan a kowane wurin da aka ajiye shi, ba sai kin ɗura wa cikinki ba. Kada ki sha maganin ciwon jiki irin su ibuprofen ko diclofenac kafin gudu da sunan rigakafi, domin idan suka haɗu da ƙarancin ruwa suna wahalar da ƙoda, kuma duk wanda ya miƙo miki tramol ko wani abin sha na ƙarin kuzari ki mayar masa da abinsa. Sukar da ake ji a kwiɓi takan lafa idan aka koma tafiya aka ja dogon numfashi. Amma ciwon ƙirji, ko jiri, ko amai, ko ganin duhu, ko jin sanyi da tsikar jiki a tsakiyar zafi, waɗannan ba a yi musu jarumta, ki tsaya ki nemi inuwa ki kira 'yan agaji, kuma idan kika ga wani yana tangaɗi ko yana magana ba kan gado, a kwantar da shi a inuwa a jiƙa masa jiki da ruwa a nemi motar asibiti nan take.

Idan zazzaɓi ya kama ki a makon taron, ko na cizon sauro ne ko na mura, kada ki yi gudun ko da kin fara shan magani kin ji sauƙi. Ki je ki zauna a rumfa da yaron, ki sanar da masu gudummawa dalili, rasit ɗinsu yana hannunsu tun tuni. Idan kuwa kin yi shi lafiya, ki ci gaba da takawa na minti biyar bayan kin ƙetare layi kafin ki zauna, ki sha ruwa, ki ci abinci, ki kuma sa ran tsamin jiki na kwana biyu. Bayan mako guda ki koma filin makarantar, domin Hukumar Lafiya ta Duniya tana son babba ya samu aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, fita uku ɗinki da 'yar tafiyar zuwa aiki sun kusa cika shi, kuma ga mai hawan jini a gidanku. Bayan wata ɗaya kuma ki koma wurin ƙungiyar ki nemi bayanin abin da aka tara da inda aka kai shi, ki isar wa waɗanda suka ba ki. Allah ya ba yaron lafiya, ya saka wa mahaifiyarsa da alheri.